Jan Layin da Na Shafe a Lungunmu

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da kuwa ina son in manta ɗin, da safiyar Talatar nan da na fito da bido biyu, wato jarka, zan tafi ɗiban ruwa. Na juya zan ja ƙofa ke nan idona ya sauka a bangon gidanmu. Wani jan layi ne a kwance, tsawonsa kamar taƙi biyu, an ɗora masa ƴar alama mai kusurwa uku, ga lamba a gefe. Na kai yatsa na taɓa, fentin bai ma gama bushewa ba. Bidon da ke hannuna na hagu ya suɓuce ya kama gangara, ban ko bi shi da kallo ba.

Na dubi bangon maƙwabta, akwai. Na dubi na gaba, akwai. Tun daga bakin lungunmu har inda ya gangara ya tarar da ƙorama, babu gidan da aka tsallake. Na gidajen sama yana wajen gwiwa, namu daidai ƙuguna, na gidajen ƙasa kuwa ya kai ƙirji.

Bari in fara gaya muku ko ni wace ce, don ku san daga irin tsayin da na faɗo. Ni ƴar Damagaram ce. Na yi lekkol har kolej, na ci jarrabawa, ina da takardata ta birebe, shaidar gama kolej, a naɗe cikin leda. Bayan rasuwar mahaifinmu ne muka ƙetare iyaka muka taho Tamanrasset ni da Inna, muka sauka wurin yayana Mutari da matarsa Rabi a unguwar Gataa El Oued. Yaya magini ne. Lungunmu kuwa kusan duk mutanen gida ne: masu aikin gini, masu wanki, masu sayar da abinci. A cikin matan lungun kaf ni kaɗai nake karanta faransanci, saboda haka takardar magani, saƙon waya, takardar dowan ta ƴan kwastan, duk hannuna suke zuwa. Har suna suka sa mini, wai Madam. (Nakan ce su daina, ba na so. Ƙarya nake. In aka kwana biyu ba a kira ni Madam ba har wani iri nake ji.)

Takardar zaman ƙasa kuma kada ku tambaye ni. Ba ni da ita, Inna ba ta da ita, rabin lungu ba su da ita. Babu gidan da ba a san wani wanda aka taɓa ɗauka a kamiyo, babbar motar kaya, aka kai bakin iyaka ba, da kayan jikinsa kaɗai. Ba ma yawan zancen, amma kowa da shi yake kwana yake tashi.

Ga wani abu kuma. Ina yarinya, lokacin da aka faɗaɗa babbar hanya a garinmu, an zo an shafa wa shagon gwaggona jan fenti. Sati bai zagayo ba katafila ta zo ta kwashe shagon har da inuwar gabansa. Tun daga ranar, a wurina jan fenti a bango ma'anarsa ɗaya ce.

Kafin in ɗauko bidona mata sun cika lungu, kowa da bayaninta. Hajiya Tsahara, mai sayar da tuwo a bakin lungu, ita ce kan gaba.

“Ai a fili yake,” in ji ta. “Wanda layinsa ke ƙasa gaban gida kaɗai za a yanke masa. Wanda nasa ke sama, har ɗakin kwana.”

“A'a Hajiya, lambar nan yawan mutanen gida ce,” wata ta ce. “Ƙidaya suke yi kafin su zo kwasa.”

“To mu da muke mu huɗu, ina aka samo sauran?” in ji Rabi.

“Kwanakin da suka rage ne!” wata ta ɗaga murya daga baya, sai ga wata ta fara salati.

Hajiya ta ɗaga hannu. “Ku dakata. Muna ta haukanmu ga mai ilimi a tsaye. Madam, ba an kafa wani babban allo a bakin hanya wancan satin ba? Je ki karanto mana.”

Na gyara lulluɓi na tafi, ana bi na da addu'a kamar mai tafiya Makka.

To, a nan ne zan faɗi abin da ban gaya wa kowa ba sai daga baya. Allon yana nan, ƙato, da rubutun larabci a sama, na faransanci a ƙasa. Amma a gindinsa, cikin inuwarsa, motar jandarma ce a ajiye. Nan suka saba tsayawa. Su biyu ne a ciki, ɗaya yana latsa waya, ɗaya yana kurɓar shayi, ko kallona ba su yi ba. Ni kuwa ƙafafuna suka ƙi tsayawa. Mace baƙa ta tsaya gaban motarsu tana karatu da yatsa, layi bayan layi? Sai na wuce da sauri kamar wadda aka aika sayen burodi, na saci kallo ta gefen ido. Abin da na gani zane ne: hanya shimfiɗaɗɗiya, fitilu a jere, itatuwa kore shar, wasu mutane farare tas suna yawo da yaro a keke. Babu gidan bulo marar yaɓe irin namu, babu igiyar shanya, babu ko mutum ɗaya mai kama da mu. Na zaga ta bayan shagon burodi na dawo.

“Kin karanta?” suka tambaya baki ɗaya.

Da na ce tsoro ya hana ni, da duk wannan bai faru ba. Amma ido wajen ashirin na kaina, an kuma ce Madam.

“Na karanta,” na ce. “Gyaran gari ne. Sabuwar unguwa za a yi, mu ba ma ciki.”

Lungu ya kaure da kuka. Ni ma na yi nawa, don wallahi na yarda da abin da na faɗa.

Rabi ce kaɗai ta yi maganar hankali. Yaya yana can Outoul, wajen gari, a lokacin, suna gina wa wani mai garka katanga da wurin tara ruwa. Ta ce mu kira shi, ai shi ɗan gini ne. Kun san me na ce mata? (Allah Ya yafe mini.) Na ce, “Yaya da ko sunansa ba ya iya rubutawa, me zai gaya mana? Wannan ba zancen bulo da siminti ba ne, zancen takarda ne.”

Washegari dabara ta zo mini, na kuwa ji kaina ya yi girma. Direban katafila ai ba ɗan unguwa ba ne, bai san gidan kowa ba. Alama yake bi. In ya zo bai ga alama ba, me zai rushe? Sai ya wuce gaba, kafin a gano kuskure mun samu wata biyu ko uku. Na gaya wa mata, Hajiya ta buga cinya ta ce, “Kun ji amfanin lekkol!”

Akwai ragowar farar ƙasa ta Yaya, rabin buhu, a bayan ɗaki. Bayan azahar, lokacin da rana ta kori kowa cikin gida, na dama ta a bokiti. Rabi ta riƙe bokitin tana gunaguni, ni ina bi gida-gida da tsumma. Ban sa komai a hannu ba. Na shafe namu, na shafe na Hajiya, na bi har ƙasa, na ƙi barin ko ɗigon ja. Ko kaɗan ban tsaya na yi tunanin cewa bangayen lungunmu duk ruwan toka ne ba. Da na waiwaya daga ƙarshen lungu, sai ga kowane gida da farin faci a ƙirji kamar an manna masa filasta. Na ce a raina, ba komai, fari ai ba ja ba ne.

Bango na ƙarshe na zauren Malam Habu ne, malamin da ke karantar da manya da yara a lungunmu, shi ne kuma ke ja mana salla. Ina cikin shafawa ya leƙo da carbi a hannu. Idonsa ba ya gani sosai.

“Wa ke nan? Au, ƴar Inna ce? Farar ƙasa kike shafa mana? Allah Ya yi miki albarka, Ya ba ki lada. In kin gama nan, ta ciki ma tana so.”

Na ce amin, na sunkuyar da kai. Da yamma Hajiya ta aiko mini da tuwo har da tsoka uku. Hannuwana sun fara zafi suna saɓulewa, amma na ci na lashe kwano, ina ji a raina na ceci al'umma.

Ranar Alhamis da la'asar Yaya ya dawo. Ya tsaya a ƙofa da jakarsa a kafaɗa yana kallon facin.

“Wa ya yi wannan ƙazantar?”

Na fito da fara'ata na kwashe labari na gaya masa, har da kwaikwayon yadda direban katafila zai zo ya yi ta dube-dube. Ya saurara har ƙarshe. Sannan ya ce in zana masa alamar a ƙasa. Na zana da tsinke. Sai ya fashe da dariya, ya yi ta yi har ya dafa bango.

“Auta, nivo ne! Awon tsayi! Ko ni in zan zuba daɓe sai na ja irinsa da tiyo da ruwa. Daga layin nan suke auna zurfin ramin da za su haƙa su sa bututu, don ruwa ya san inda zai gangara. Ba ki ga na sama yana ƙasa-ƙasa, na ƙasa yana sama-sama ba? Layi ɗaya ne miƙaƙƙe, lungun ne ya karkace. Kin manta bara da ƙorama ta cika, ruwa ya shigo ya jiƙa katifar Inna? To shi za a gyara.”

“Ba rushewa ba?”

“Akwai inda ake rushewa, ban ce babu ba. Amma ba haka ake wa wancan alama ba. Mu abin da zai tashe mu daban ne: in lungu ya yi kyau mai gida ya ƙara haya, mu fita da ƙafarmu. Wannan kuwa ba a shafe shi da farar ƙasa.” Ya share hawayen dariya. “Gida nawa kika shafe? Namu kaɗai ko?”

Rabi ta ce, “Duka. Har na Malam.”

Dariyar ta ɗauke daga fuskarsa. Ya ajiye jakar a hankali. Ya ce aikin nan mutum ne ya yini yana yi da na'ura, kuma na hukuma ne. Sannan ya shige ɗaki.

Ranar Lahadi, farkon satin aiki, motar haƙa ta iso bakin lungu da lebura wajen goma. Ta cikin hudar ƙofa nake leƙe. Shef ɗin aikin, wato shugabansu, wani gajere mai hular roba, ya bi bango yana dubawa, ya kai yatsa ya lakato fari, ya duba na gaba. Sai ya fara faɗa da larabci, yana nuna mota, yana nuna agogo. Larabcina na kasuwa ne, amma kalmar jandarma ba ta buƙatar tafinta, sau uku na ji ta. Suka kashe mota suka tafi, ya bar saƙo wurin Malam: gobe da safe mai awo zai dawo, kuma lalle wanda ya yi wannan aiki ya fito.

Ku zo ku ga yadda lungu ya juya. Hajiya Tsahara, wadda tsokarta uku ba su gama narkewa a cikina ba, ita ce ke cewa da ƙarfi, “Ni dama tun farko jikina bai ba ni ba. Yarinya ƙarama sai rawar kai.” Ban ga laifinta ba. Tana da ƴaƴa, ita ma ba ta da takarda.

Malam Habu ya aiko aka kira mu ni da Yaya.

“Ni na zaci lada kike nema,” ya ce. “To ƴata, ga yadda abin yake. In ba ki fito ba, za su shigo neman mutum ɗaya su tarar da lungu guda. Kin gane?”

Yaya ya ce, “Malam, ni zan ce ni na yi.”

“Kana Outoul, kowa ya sani,” na ce. “In an ɗauke ka wa zai ciyar da Inna?” Na buɗe tafukana, duk sun saɓule sun yi ja. “Kuma ga shaida.”

Wannan ce magana ɗaya mai ma'ana da na yi a satin nan gaba ɗaya.

Litinin tun da asuba na fara shiri, irin shirin da na ji waɗanda aka taɓa kaiwa suna ba da labari. An ce ba a barin mutum ya ɗauki jaka, kuma akwai sanyi a bayan kamiyo. Saboda haka na sa riga uku, zani biyu, safa, na ɗora rigar sanyin Yaya a sama, sannan lulluɓi. Inna ta ɗinke mini takardata ta birebe a cikin riga ta biyu, tana ɗinki tana hawaye, allurar tana faɗuwa. Na ƙulle dabino a bakin zani. Na rubuta lambar wayar Yaya a damtsena da biro. Takalmina na salla na bar wa Rabi, ƙamus ɗina na ce a ajiye wurin Malam. Sannan na bi gida-gida ina neman gafara. (Har wata da ba ma magana tun salla ƙarama na durƙusa wa. Ta yafe, ta kuma tambaye ni ko wa na bar wa madubina.)

Wajen ƙarfe takwas muka fita, Malam a gaba, Yaya a gefena, ni a tsakiya ina tafe kamar buhun gawayi da ƙafafu. Mutanen lungu duk sun fito, kowa a ƙofarsa.

Mai awon dattijo ne, Buzu, dogo, da rawani da tabarau, ya ɗora rigar aiki mai ruwan lemo a kan doguwar rigarsa. Yana tsaye yana daidaita na'urarsa a kan ƙafafunta uku. Shef yana gefe yana huci. Malam ya yi sallama, ya fara bayani da larabci. Dattijon ya katse shi da Hausa, irin ta mutanen Agadas.

“Bar shi Malam, ina ji. Wace ce mai fentin?”

Ban jira an nuna ni ba. Na matsa gaba, na zube a gwiwa cikin ƙura, na haɗa hannuwana biyu na miƙa masa, na runtse ido. Haka na ga ana yi in za a sa wa mutum ankwa. Na ce, “Ni ce Baba. Ni kaɗai ce. Babu wanda ya sa ni.”

Sai na ji wani lebura ya tuntsire da dariya, wani ya kama, har na ji muryar wata mata daga cikin namu. Ina nan durƙushe, hannu a miƙe, zufa tana bin bayana ta ratsa riga uku. Da ƙasa ta tsage a lokacin da na gode mata.

Sai na ji an ɗora mini wani abu mai sanyi a hannu. Na buɗe ido. Wata doguwar sanda ce ta ƙarfe marar nauyi, mai zane-zanen baƙi da ja da lambobi, ta fi ni tsawo nesa.

“Tashi,” in ji dattijon. “Tunda kin san gidajen, je ki tsaya gindin facin farko. Ki riƙe ta a miƙe.”

Na tashi na je. A raina na ce, wato sai na gyara ɓarnata tukuna sannan motar ta zo. Hakan ma adalci ne.

Haka muka yini rabin rana. Ni in tsaya da sanda, shi ya leƙa ta na'ura ya rubuta, ya ɗaga hannu, wani lebura ya ja sabon jan layi a kan farin facina. Gida-gida, a gaban matan da na yi wa alkawarin ceto. Duk motar da ta gifta ta bakin hanya sai in zabura in waiwaya.

“Ke, daina rawa!” ya ɗaga murya. “In kina rawa sanda tana rawa, ruwan lungunku zai koma ɗakin uwarki.”

“To Baba.”

“Amma na gode da farin nan. Ko makaho zai ga inda na yi aiki.”

A ƙofar gida na huɗu ya tambaye ni ko ban ga allon da aka kafa a bakin hanya ba, ai komai yana rubuce a kai. Hajiya Tsahara tana tsaye kusa, ta yi karaf ta ce, “Ai ita ta karanto mana.” Na ce, ina kallon ƙasa, “Ban karanta ba. Hoton kaɗai na gani. Motar jandarma tana wurin, na ji tsoro.” Na jira ihun mata. Sai kowace ta sunkuyar da kai. Hajiya ma sai ta gyara ɗaurin zaninta ta dubi wani wuri. Dattijon ya dubi inda allon yake, sannan ya faɗa wa shef wata magana da larabci, a hankali. Shef ya ɗaga kafaɗa ya tafi neman inuwa.

Rana ta take, dabinon da ke bakin zanina ya narke ya manne, lambar da ke damtsena ta bi zufa. Muka iso bango na ƙarshe, na Malam, daidai ana shirin kiran azahar. Aka ja layi. Dattijon ya rufe littafinsa ya karɓi sandarsa. Na tsaya ina jira. Ya naɗe ƙafafun na'ura, ina tsaye. Ya juyo ya gan ni.

“Lafiya?”

Na ce, “Baba, motar... yaushe za ta zo? Ina so in sallami Inna.”

“Wace mota?”

“Wadda za ta kai ni iyaka.”

Ya tsaya cak. Ya cire tabarau. A lokacin ne, ina ji, ya fara ganin rigar sanyin, da safar, da tulin kayan da ke jikina cikin wannan rana. Ya dubi Malam, ya dubi Yaya, ya dawo da ido kaina.

“Tun safe da wannan kike tsaye?”

Na gyaɗa kai.

“La ilaha illallahu. Ƴata, ni awo nake, ba kamu ba. Babu wanda ya kai ƙararki. Shef bakinsa ne kawai, haka yake yi mana kullum. Layi ya ɓace, an mayar da layi, magana ta ƙare. Ban san sunanki ba, kada ma ki gaya mini. Je ki gida ki tuɓe kayan nan kafin ki mutu a hannuna a ce ni ne.”

Na zauna daɓas a gindin bangon Malam, na jingina da ɗanyen fenti, na yi ta kuka kamar ƙaramar yarinya, Yaya yana yi mini fifita da hularsa yana cewa, “Ya isa Auta, ya isa.” Ladan ya ɗaga murya a daidai lokacin.

Yau sati biyu ke nan, kuma har yanzu in mota ta tsaya a bakin lungu sai na ajiye abin da ke hannuna. Amma na koyi abu ɗaya a azahar ɗin nan, ina zaune cikin riga uku: “ban sani ba” kalma uku ce, ba ta da nauyi, ba a kuma taɓa kai kowa iyaka a kanta ba. Shekara goma na yi a lekkol, babu mushe, wato malamin boko, ko ɗaya da ya koya mini faɗinta.